Farin da Ke Shigo Mana ta Tasha



A watan Agustan 2024, lokacin da ruwa ya ɗauke na makonni a sassan Filato, Nasarawa, Neja da Taraba, har aka riƙa fita sallar roƙon ruwa gari-gari, wani yaro cikin ɗalibanmu na makarantar dare ya tsayar da ni a ƙofar masallaci bayan Isha'i. Ya ce, "Malam, wai an taɓa yin fari a Kafanchan kuwa? Ni dai tun da na yi wayo ruwa nake gani har ya ishe mu." Na ce masa ya yi haƙuri, wannan tambaya ba a amsa ta a tsaye. To ga amsar nan yau, gwargwadon abin da na ji daga iyaye da kakanni, da abin da na karanta, da wanda na gani da idona a kasuwa.

A gajarce, yaron yana da gaskiya. Da wuya sama ta hana mu ruwa ɗungurungum yadda take yi wa Daura ko Maraɗi. Amma duk farin da aka yi a Arewa cikin shekara ɗari da suka wuce sai da ya kwana a garin nan. Ta tasha yake shigowa, ta bakin kasuwa, ta burtalin shanu. Yana zuwa da baƙi masu neman abinci, da motocin masu sayen hatsi, da tsadar mudu. Mu kuma 'yan unguwar nan, da yawancinmu ba manoma ba ne, mu ne muke tsaye a daidai ƙofar da yake shigowa, da mudu a hannunmu da makullin sito a aljihu.

Dalilin yawan ruwanmu

Allah ne Mai saukar da ruwa, amma Ya sanya wa kowane abu sababi. Iska biyu ce take juya shekararmu. Ɗaya tana tasowa daga tekun Atlantika ta kudu maso yamma ɗauke da danshi, ita ce mai kawo damina. Ɗayar tana gangarowa daga Sahara da ƙura da sanyi, ita ce hunturu. Iskar damina ta kan fara isowa nan cikin Afrilu, ba ta janyewa sai Oktoba. Kano kuwa sai ƙarshen Mayu ko Yuni take samun ruwan shuka, zuwa ƙarshen Satumba an gama. Ban da wannan, muna zaune ne a gindin tsaunukan Filato ta gefen da iskar teku take bugowa. Idan ta iso duwatsun Kagoro dole ta hau sama, ta yi sanyi, ta zubar da abin da ta ɗauko. Shi ya sa ruwan da muke samu a shekara yakan kai milimita 1,500 ko ya haura, alhali Kano a tsohon lissafi ba ta cika kai 900 ba, Maraɗi kuwa wajen 500.

Kun ga ke nan, idan damina ta ragu da kashi ɗaya cikin uku, manomin Zonkwa ko Kwoi zai yi ƙorafi amma zai girbe wani abu. Idan ta ragu haka a Maraɗi, gero ba zai fid da kai ba. Wannan bambanci shi ne tushen duk labarin da zan bayar. Inda aka rasa, dole a nufi inda ya rage.

Kafin jirgi

Tun kafin a san za a yi gari a inda muke, Hausawa suna ratsa ƙasar nan. Fatake suna yada zango a Kauru, Kachia da Zangon Katab. Masarautar Jama'a an kafa ta wajen 1810 a hannun Malam Usman, tana bin Zazzau, kuma fadarta ba a nan take ba a lokacin. Mutanen ƙasa, Fantswam da Bajju da Kagoro da Atyap da Ham da Kaninkon da sauransu, suna noman acca, dawa, dauro, gwaza da doya. Ba zan ɓoye ba, tarihin wancan zamani ba duka ne mai daɗin ji ba. An yi hare-hare da kamun bayi, har wasu suka koma zama kan duwatsu suna noma a tsakanin fale-fale. Wanda zai ba da tarihi ya faɗi mai daɗi da marar daɗi.

Bala'in farko da tsofaffi suke ambata na shanu ne. Wajen 1890 zuwa 1891 ciwon bushiya ya ratso daga gabashin Afirka ya kusan share garken Fulani. Sunan da aka ba wannan annoba shi ne Sannu, domin babu abin da makiyayi zai ce wa ɗan'uwansa sai sannu.

Sai babbar yunwa ta 1913 zuwa 1914, wadda ake kira Kakalaba. Daminar 1913 ta lalace daga Barno har Sakkwato, har cikin ƙasar Damagaram da Maraɗi. Abin da ya ƙara mata ƙarfi shi ne jirgi ya isa Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, manoma da yawa suka rage gonar hatsi suka shuka gyaɗa, ga kuma harajin Bature da ake biya da kuɗi. Da ruwa ya ƙi, rumbuna babu ajiya. Dubban mutane suka mutu a ƙasar Kano da arewacinta, waɗanda suke da sauran ƙarfi suka yi kudu, ƙasar Zazzau da gaba da ita. Tun daga lokacin hanyar ta fito fili. In Arewa ta ƙone, kudu ake nufa.

Jirgi da 'Yar Buhu

Garin Kafanchan kamar yadda muka san shi ɗan layin dogo ne. Layin da ya taso daga Fatakwal ta Inugu da Makurɗi ya haɗu da na Kaduna, kuma a 1927 aka buɗe reshen da ya tashi daga nan zuwa Jos. Nan da nan wurin ya cika da ma'aikatan reluwe, leburori, mahauta, 'yan koli, masu goro da masu tuwo-tuwo. A 1933 Sarkin Jama'a Muhammadu ya dawo da fadarsa nan.

A shekarar da aka buɗe layin Jos ɗin, 1927, aka yi wata yunwa a ƙasar Kano da Katsina da ake kira 'Yar Buhu. Dattawa sun ce an sa mata sunan ne domin a shekarar hatsin da mutane suka ci ba daga rumbu ya fito ba, a buhu aka kawo shi daga nesa. Kakana na wajen uba yana cikin waɗanda wannan yunwa ta tayar daga ƙauyensu a arewacin Kano. Ya zo da niyyar cin rani, ya yi dako a tasha ya tara kuɗin haraji ya koma. Bai koma ba. Ya fara da awon dawa a faifai, ya yi aure, a nan aka haifi mahaifina, a nan aka binne su duka biyun. Ku tambayi tsofaffin gidajenku, za ku tarar gida da yawa a unguwar nan asalinsu haka yake. Wani reluwe ce ta kawo shi, wani fatauci, wani almajirci, amma da dama fari ne ya koro kakanninsu, ƙasar nan mai ruwa ta karɓe su ta ciyar da su. Duk wanda ya manta wannan ya manta rabin tarihinsa.

Shekarun fara

In ana maganar yunwar da ta taɓa manoman nan kai tsaye, to ta fara ce. Daga wajen 1930 fara ta riƙa sauka a lardin Filato, wanda Jama'a take cikinsa a lokacin, da kudancin lardin Zazzau, shekara bayan shekara. Wannan annoba ta taso ne daga fadamun kogin Kwara a ƙasar Mali ta yau, ta mamaye yawancin Afirka, ba ta lafa ba sai wajen 1940. Kakata ta ce idan ta taso sai rana ta dushe kamar hadari ya haɗo, idan ta sauka a gonar dawa kafin la'asar sai kara. Bayan ta tashi kuma ta bar ƙwai, ɗango ya ƙyanƙyashe ya cinye abin da ya rage. En'e ta riƙa fitar da mutane gayya, a haƙa ramuka a kora ɗango ciki a binne, ana kuma barbaɗa dusa mai guba.

Abin da ya ceci mutane a shekarun nan shi ne abin da ke ƙarƙashin ƙasa. Fara tana cin ganye da zangarniya, amma ba ta tona gwaza, doya, dankali ko rogo. Acca kuma tana nuna da wuri, tun dawa ba ta fid da kai ba. Mu da muka zo daga ƙasar gero da dawa, a nan muka koyi cewa manomin da ya rarraba shukarsa ba ya faɗuwa gaba ɗaya. Akwai lokacin da wasu daga cikinmu suke raina acca da gwaza. Su ne suka riƙe kakanninmu.

Fara na lafawa sai ga yaƙin duniya na biyu. A 1942, da Japan ta ƙwace Malaya, Turawan Ingila suka rasa kuzar can, suka matsa wa ta Jos. Aka shiga diban gwamna, ana kwaso mutane daga larduna ana kai su haƙar kuza dole, har zuwa 1944. Dubban bakunan nan sai an ciyar da su, don haka aka riƙa karɓar hatsi daga manoma a farashin da hukuma ta yanka. A daidai lokacin damina ta yi rauni a Arewa, aka yi yunwar da ake kira 'Yar Gusau, domin can mutane suka riƙa zuwa neman hatsi. Ku lura da sunayen nan da kyau. Buhu, da Gusau garin tasha. Talakawan da suka raɗa sunayen sun gane cewa bayan ruwan sama akwai wani abu da yake yanke wa mutum ko zai ci ko ba zai ci ba, wato inda hatsi yake, da wanda yake riƙe da shi, da kuɗin da ya sa masa.

1973

Daga 1950 zuwa tsakiyar shekarun 1960 an samu damina mai albarka a Arewa, har aka saki jiki. Tafkin Chadi a 1963 ya kai faɗin murabba'in kilomita wajen 25,000. Daga 1968 ruwa ya fara ja da baya a ƙasashen bakin Sahara, abin ya kai maƙura a 1972 da 1973. A 1973, shekarar da aka fara kashe naira da kwabo, ruwan da ya sauka a Kano wajen rabin abin da aka saba ne. Rijiyoyi suka ƙafe, shanu da raƙuma suka mutu a Nijar, Mali da Chadi. Buzayen da muka taso muna gani suna gadi da sayar da shayi a garuruwa, yawancinsu wannan fari ne ya raba su da dabbobinsu. A lokacin Katsina da Daura da mu duk jiha ɗaya muke, Jihar Arewa ta Tsakiya, kafin a mai da ita Kaduna a 1976, a kuma cire Katsina a 1987. Bayan shekara biyu, a 1975, cuta ta kama gyaɗa, dalar gyaɗar Kano ta tafi ba ta dawo ba.

Ni ina goye ko ina tatata a lokacin, amma mahaifina ya sha ba mu labari. Ya ce a nan an yi ruwa, an yi girbi, amma bai taɓa ganin baƙin masu sayen hatsi kamar na shekarar ba. Zauren gidanmu ya cika da 'yan'uwa daga ƙauyen kakanmu, wasu tun da aka haife shi bai taɓa ganinsu ba. Makarantun allo suka cika da sababbin almajirai, domin uban da ba shi da abin ciyarwa sai ya tura yaro gabas ko kudu.

Shanu ma suka gangaro. Fulani sun daɗe a ƙasar nan, wajen Kachia da Zonkwa da Kagoro akwai waɗanda kakanninsu a nan aka haife su. Amma bayan 1973 garken da a da suke zuwa cin rani su koma da damina, da yawa ba su ƙara komawa ba. Gwamnatin Arewa ta yi dokar keɓe makiyaya tun 1965, kuma a ƙarƙashin irin wannan tsari aka ware Ladduga a ƙasar Kachia, sai dai filin da aka keɓe bai ɗauke yawan dabbobin ba. Jama'a na ƙaruwa, gona na cin burtali, shanu na shiga gona. Ba ina cewa fari kaɗai ne ya haifi rigingimun da muka gani daga baya ba, akwai siyasa da zalunci da rashin hukunta mai laifi. Amma wanda yake son ya fahimci yadda aka fara matsuwa a kan ƙasa da ruwa, ya duba shekarun nan.

1984, wadda na gani da idona

Farin 1983 da 1984 ya tarar da ni ina ɗan shekara goma sha uku, ina zuwa Islamiyya da yamma, da safe ina rumfar Baba. A 1983 ruwa ya makara kuma ya ɗauke da wuri. Hunturun farkon shekarar ya yi tsanani a duk Afirka ta Yamma, har gobarar daji ta cinye gonakin koko da na abinci a Gana. A shekarar ce kuma bushiya ta dawo ta kashe shanu ba adadi. Na ga Bafillatani babba yana kuka a kasuwar shanu, yana sayar da saniya a kuɗin da bai kai na tunkiya ba kafin ta faɗi. A 1984 abin ya ƙara muni a Nijar, Chadi, Sudan da Habasha, tafkin Chadi ya koma bai kai kashi ɗaya cikin goma na girmansa na 1963 ba. A watan Afrilun 1984 gwamnatin soja ta canja launin kuɗi ta rufe iyakokin ƙasa, ba a buɗe ba sai 1986. Mutanen Maraɗi da Damagaram, da suka saba samun hatsi daga wannan gefe, suka sa wa yunwar suna El Buhari. Nan ma dai sunan bai ambaci ruwa ba, hanyar da aka toshe ya ambata.

Masana sun ce irin waɗannan shekaru suna da alaƙa da canjin zafin ruwan teku, har da ɗumamar tekun Pasifik da ake kira El Nino, wadda ta faru a 1972 da kuma 1982 zuwa 1983. Mu a rumfa ba mu san wannan ba. Abin da muka sani shi ne mudu yana tashi kowace ranar kasuwa.

Ga abin da ya faru a gidanmu, kuma na faɗe shi ne da izinin 'yan'uwana, domin Baba da kansa ya sha faɗa don a ɗauki darasi, Allah Ya gafarta masa. Da kakar 1983 ya bi kasuwannin ƙauye ya sayi dawa da masara ya cika sito. Da bazara ta yi, wani dillali ya zo da mutanen Kano da babbar mota, suka taya kayan gaba ɗaya a farashin da bai taɓa mafarki ba. Ya sayar, ya bar mana abin da yake ganin zai kai mu sabuwar masara. Bayan kamar mako uku, ruwan shuka ya sauka, sai ga wani dattijo Bajju wanda Baba ya shekara fiye da goma yana sayen amfanin gonarsa. Ya sayar da yawa da kaka saboda kuɗin makarantar 'ya'yansa, abin da ya rage kuma an cinye har da iri. Ya gaisa, ya ce, "Malam, dawar nan da na kawo maka da kaka, ko akwai saura? Iri nake nema, ko mudu biyar ne." Baba ya sunkuyar da kai ya ce, "Wallahi Baba, ta tafi Kano." Dattijon ya yi shiru, ya ce, "To, Allah Ya sa su ma su ci," ya ɗauki sandarsa.

Kafin Yuli abincinmu ya ƙare. Kuɗin da Baba ya samu muka riƙa fitarwa muna sayen hatsi a farashin da ya fi wanda ya sayar, ribar ta narke muna kallo. Wajen ƙarshen Agusta, ranar wata Juma'a, sai ga matar dattijon nan da 'yarta da kaya a ka: ɗanyar masara da ƙwaryar sabuwar acca. Ta ce wa mahaifiyata, "Maman yara, Baba ya ce a kawo wa yara, ya ji gari ya yi zafi." Ko kwabo ba ta karɓa ba. Ban taɓa ganin Baba ya ji kunya irin ta ranar ba. Tun daga shekarar har ya bar kasuwa, duk buhu goma da ya ajiye, ɗaya ba ya hawa mota ko nawa aka taya. A mudu ake sayar da shi a unguwa da wa mutanen da aka saya a hannunsu, har sabon hatsi ya fito. Ni ma a kan haka nake, kuma ban ga na talauce ba.

Idan ruwa ya yi yawa

Ɗaya fuskar tarihin ita ce ta ruwa da iska idan suka wuce kima. Kowa a nan ya san guguwar farkon damina, wadda take tasowa daga gabas da yamma likis cikin Afrilu ko Mayu, ta kwashe kwanon gida da na makaranta ta karya turakun wuta. Da can gidaje suna da mangwaro, ɗorawa da dogon yaro da suke karya ƙarfin iska. Yanzu mun sare mun yi shaguna. Ƙanƙara ma takan faɗo jefi-jefi, musamman ta wajen Filato, ta farfasa ganyen masara.

A 2012 aka yi ambaliyar da ta kashe mutum fiye da 360 a faɗin ƙasa ta raba sama da miliyan biyu da gidajensu. A Yulin shekarar ruwa ya ci unguwannin Rikkos da Gangare a Jos, inda da yawanmu muke da 'yan'uwa. A 2022 aka sake yin wadda ta kashe fiye da 600. A 2024 ɗin da aka yi roƙon ruwa cikin Agusta, ranar 10 ga Satumba madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya mamaye Maiduguri. Wata ɗaya ne tsakanin roƙon ruwa da gudun ruwa.

A daminar 2023 kuma cuta ta faɗa wa citta a Kachia, Jaba, Kagarko da kewaye, irin cutar da danshi yake taimaka wa yaɗuwa. Gona ta yi kore yau, bayan kwanaki ganye ya yi rawaya, a tona a tarar ta ruɓe. Manoma suka rasa jari har da iri. Mu da muke saye muna busarwa muna kaiwa Kano da Legas muka zauna hannu rabbana, masu dako da masu mota da mata masu yankan citta duk suka ji a jikinsu. Wannan ya nuna mana a fili cewa aljihunmu a gonar maƙwabcinmu yake.

Tsofaffin manoma suna cewa yanzu ba su gane wa damina. Ta fara da wuri a yi shuka, ta ɗauke kwana goma sha biyar shukar ta ƙone, sannan ta dawo ta zubar da ruwan wata guda a dare biyu. Mu ma da hannunmu a ciki. Ku tsaya bakin titi ku ƙirga motocin gawayi da katako da suke fita daga yankin nan. Dajin Nimbiya da kurmin da ke gindin duwatsun Kagoro ba kamar yadda muka san su muna yara suke ba. A cikin unguwa kuwa, kwalbatinmu cike suke da leda da robar ruwa, wasu sun yi gini a kan hanyar ruwa, in ya shiga ɗaki a ce ƙaddara.

Abin da ya rage gare mu

Akwai wata yunwa da ban sa ta a jerin ba, domin ba ruwa ne ya kawo ta ba. Bayan rikicin zaɓen Afrilun 2011, da kasuwa ta ƙone, hanya ta yanke tsakanin gari da ƙauye, mun ga yadda abinci ya yi wuya a unguwar nan alhali rumbuna cike suke mil kaɗan daga nan, su ma masu rumbunan sun rasa inda za su sayar su sayi gishiri da magani. Kowane ɓangare ya yi rashi, Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, kada Ya maimaita mana. Na kawo wannan ne don mu gane cewa a garin nan zaman lafiya da maƙwabta yana daidai da damina. In ɗaya ya ɗauke, tukunya ba ta hawa wuta.

Addininmu bai bar mu a duhu ba. A shekara ta 18 bayan Hijira aka yi fari a Madina da kewaye, wanda ake kira Shekarar Toka. Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, ya rubuta wa gwamnoninsa su aiko da abinci, ya kafa wuraren ciyar da mutanen ƙauye da suka kwararo birni, ya hana kansa nama da man shanu har jikinsa ya canja, sannan ya fita roƙon ruwa ya gabatar da Abbas baffan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ya haɗa addu'a da aiki. Ƙissar Annabi Yusuf kuma kowa ya san ta, ajiyar shekarun wadata ita ta ciyar da shekarun tsanani. Ajiya ba laifi ba ce, ɗan kasuwa da ya saya da kaka ya sayar da bazara yana yi wa jama'a amfani, domin ba don shi ba da hatsin ya ƙare tun da rani. Abin da malamai suka hana shi ne a kwashe abin da ke kasuwa a kulle lokacin da mutane suke cikin buƙata, ana jiran farashi ya ƙara hawa. Akwai hadisi a littafin Ibnu Majah da ya danganta tauye mudu da shekarun fari, ya danganta hana zakka da ɗaukewar ruwa. Shi ya sa kafin a fita sallar roƙon ruwa ake umartar mutane su tuba, su yi sadaka, su mayar da haƙƙin da suka ci. Wanda ya buga gindin mudunsa ya lotsa, ko yake da mudun saye daban na sayarwa daban, ya fara gyara wannan kafin ya juya mayafinsa a filin idi.

Saboda haka ina ba 'yan'uwana 'yan kasuwa shawara, ni ma ina ciki. Mu ware wani kaso na abin da muka ajiye wanda ba zai bar gari ba sai sabon amfani ya fito. Manomin da muka saya a hannunsa da kaka, in ya dawo neman iri, kada ya koma hannu wofi, ko Musulmi ne ko Kirista. Mu fitar da zakkar kayan kasuwa a kan lokaci, mu fara da gidajen zawarawa da marayu na layinmu. Masu unguwa da matasa su sa ranar yashe kwalbati kafin ruwan farko, kowane mai gida ya dasa ko bishiya ɗaya ce a ƙofarsa. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, ana karantawa a rediyo, mu saurara mu gaya wa abokan cinikinmu na ƙauye. Yaranmu kuma su je su zauna da tsofaffin da suka rage su rubuta abin da suka gani a 1973 da 1984 tun suna raye.

Shi kuwa ɗalibina mai tambaya, ga amsarka. An yi fari a Kafanchan, ba sau ɗaya ba, kuma mai yiwuwa shi ne ma ya kawo kakanka garin nan. Za a sake yi, domin haka Allah Yake juya kwanaki. Ranar da ya dawo, wataƙila kai ne kake riƙe da makullin sito.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya tsare mu daga fari da ambaliya da fitina, Ya jiƙan iyayenmu, Ya zaunar da garinmu lafiya. Amin. Wassalamu alaikum.